Na ɓoye wayar cajin boksin mijina, jibi za a karanta wa ɓarawo Yasin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah ka ɓoye sunana da na ƙauyenmu, rabin masu karatu a nan dangin mijina ne. Ku matso ku ji, maganar nan ko 'yar uwata da muke ciki ɗaya ban faɗa wa ba, kuma don Allah shawara nake so kafin Juma'a.

Ni matar aure ce, 'ya'yana biyar, muna wani ƙauye kusa da Abu Hujar a bakin kogi. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ni ba mai yawo ba ce, a bar ni da murhuna da jabanata ta dafa gahawa, maƙwabta su shigo mu sha gahawa mu yi hira, shi ke nan duniyata. Abu ɗaya na mallaka, gonar da babana ya bar mani, tana bayan katangarmu ta gangara har bakin ruwa. Da fitinar yaƙi ta zo jaz, man da injin ke sha, ya yi wuya, injin ban-ruwa ya koma ƙarfe kawai, sai na sayar da awarwarona na zinare aka kafa sola da famfo. Daga rumfar da nake tuya kisra, wainarmu ta dawa, ina jin famfon nan, in yana jan ruwa sosai na sani, in ya shaƙi iska na sani. Bana albasa na shuka.

Mijina, Abu Salma, ya yi shekaru yana tuƙi a Saudiyya. Tsohon boksinmu, motar nan mai buɗaɗɗen baya, masu bindiga suka tafi da shi, to da ya dawo sai ya zo da sabo fil, fari, wanda ba ya shan jaz sai lantarki. Wallahi na yi murna, har guɗa na yi. Wutar gwamnati a nan sai a yi kwanaki ba a gan ta ba, don haka muhandis, wato injiniya, ya jona motar da solata, amma ya faɗa a gabana cewa ranar ba za ta ishi biyu ba. Ya sa makunni, ka mayar dama famfo ya tashi, ka mayar hagu mota ta sha. In ta ƙare ƙaf, yini biyu take yi kafin ta ƙoshi. Abu Salma ya ce mani sau ɗaya ne a mako, a kai kaya kasuwar Sinja a dawo, na ce to.

Ku zo ku ga kulawa. Ya sa an ɗinka mata riga, yana ajiye ta ƙarƙashin dogon yaro wai batir ba ya son zafi, ba ya cika ta har wuya wai yana rage mata kwana. Farantan solar da suka shekara bai taɓa kallo ba, yanzu kullum da safe shi ke goge su da tsumma. Namiji da sabon abu.

Kun san al'adarmu, mai mota ba ya cewa a'a in an yi rasuwa za a tafi bika, wato ta'aziyya, ko biki, ko mara lafiya. Amma da can sai an haɗa na jaz, kowa ya taɓa aljihu, to mutum yakan yi tunani kafin ya buga ƙofa. Sai wan mijina, Yaya Haruna, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce motar ƙanensa rana take sha, rana kuwa ta Allah ce, wa ya saye ta? Daga ranar ban sake hutawa ba. Sunan jikan wane a Rufa'a, a tafi. Kai rago garin Hajj Abdalla, a tafi. Har jajen saniyar da ta faɗa rijiya an cika bayan motar nan an je. Da kunnena na ji wata maƙwabciya ta bayan katanga tana cewa ai roƙon wagga mota ba kunya, tunda ba ta cin komai. Albasata take ci, Hajja, albasata. Kuma motar ba ta da ƙara, ni da nake gane kowace mota a ƙauyen nan da kukanta, wannan sai dai in ji famfo ya yi shiru, in san an sake mayar da makunni hagu.

Na yi wa Abu Salma magana ba sau ɗaya ba. Ya ce Ummu Salma, da wane baki zai ce wa mutum a'a a kan bika? Na ce ban hana bika ba, ragon fa, shi ma rasuwa aka yi masa? Ya ce albasa tana da haƙuri, kwana biyu ba ruwa ba ya kashe ta. Na ce kwana biyu sau nawa? Na ce ya gaya wa Yaya Haruna gaskiyar yadda makunnin yake, ya ce wai in rufa masa asiri, kada a ce matarsa ke ba motarsa abinci. To ashe ya sani.

Ranar da suka dawo daga Rufa'a motar ta kusa ƙarewa, na leƙa gona. Ƙasa ta tsattsage, bakin ganye ya yi rawaya ya kwanta, ga shi lokacin da albasa ta fara kai ke nan, lokacin da in ta ji ƙishi ba ta sake komawa daidai. Raina ya ɓaci irin wanda ban taɓa ji ba. Abu Salma yana masallaci na naɗe wayar cajin, na tura ta can ƙasan durom ɗin dawa na rufe da hatsi, na mayar da makunni dama. Niyyata kwana uku, gona ta sha ta ƙoshi in fito da ita in ce ga ta.

Washegari da hantsi aka bugo cewa Gwaggo ta rasu a Hajj Abdalla, ƙanwar baban Abu Salma, ita ta raine shi tun yana shekara huɗu. Suka ce za su jira shi har la'asar. Muhandis ya ce a waya in aka jona yanzu zuwa azahar za ta kai su. Aka nemi waya babu. Kafin in yi tunani maza sun cika tsakar gida, ana ɗaga tabarmi, ana leƙa ƙarƙashin gadaje, Yaya Haruna yana tsine wa ɓarawo uwa da uba. Ina tsaye taku uku daga durom ɗin. Na ce bari su ragu in kira shi gefe, ba su ragu ba, kuma duk mintin da ya wuce bakina ƙara nauyi yake. In fito da ita a gaban maza ashirin, da dawa a jikinta? Ban iya ba, ku zage ni in kuna so. Sai bayan azahar suka sami lori, suka tarar an rufe ta. Da ya dawo ya zauna a bakin gado ya yi kuka kamar yaro, ya ce ko ƙasa bai zuba mata ba.

Yau kwana tara. Famfo yana aiki kullum, albasa ta miƙe ta yi kore, ina kallonta ba na jin daɗi. Ya aika a sayo wata wayar daga Saudiyya, ba wanda ya san ranar zuwanta. Motar tana nan cikin rigarta. Ina jin zafin abin da na ja masa, Allah ya sani, Gwaggo ta riƙe ni kamar 'ya. Amma fushina bai sauka ba. Duk waɗanda suka hau motar nan wata biyu, ko ɗaya bai taɓa leƙa gonata ya tambayi yadda take ba. Da ba su ƙarar da ita a kan suna da rago ba, da ranar rasuwa a cike take.

Jiya Yaya Haruna ya zo, ya zauna a gadona na tsakar gida, ya ce ya gama magana da malamin masallaci, wannan Juma'ar bayan salla za a taru a karanta Yasin a kan wanda ya ɗauka. Ya ce an ba ɓarawo dama, in ya jefa wayar a ƙofar masallaci kafin nan ba mai tambaya. Yana karɓar finjalin gahawa daga hannuna yana cewa hannun da ya ɗauka Allah ya shanyar da shi, Abu Salma ya ce amin, ya juyo ya ce Ummu Salma ba ki ce amin ba. Na ce wuta na bari a murhu.

Ni ba na wasa da Yasin, ina da 'ya'ya. In na jefa ta a masallaci na tsira da mutuncina, amma ranar Asabar makunni zai koma hagu, albasar kuwa saura mata kamar mako uku na ruwa, kuma zan zauna da mutumin nan ina kallon idonsa da ƙarya a cikina. In na faɗa masa, mijina ba ya iya ɓoye wa wansa komai, gobe duk ƙauye za a ce ni na hana shi binne uwar da ta raine shi, ban san ko auren zai ɗauki wannan ba. In na yi shiru, Juma'a tana zuwa.

Don girman Allah ku faɗa mani gaskiya, kada ku lallashe ni. In kira shi ɗaki yau in ɗora masa wayar a cinya in faɗi komai, har da sharaɗin cewa famfona ne gaba da motar kowa, ko in jefa ta a ƙofar masallaci in bar albasar ta mutu?