Ni Na Sa Ta Zaɓi Takardar Nan

Gaisuwa ga Edita da duk masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku daure ku karanta har ƙarshe. Zagin da za ku yi mini, na riga na yi wa kaina har na gaji.

Ni malamin firamare ne a Kafanchan, ina da mata da 'ya'ya huɗu, ina cikin dattawan majami'armu. Tun ina saurayi wani tsohon ma'aikacin reluwe ya koya mini wasan da mutane ke kira karanta zuciya. Babu tsafi a ciki ko kaɗan. Sai in ajiye abu uku a tebur, in rubuta a ɓoye wanda mutum zai ɗauka, ya zo kuma ya ɗauki shi ɗin. Dabarar ita ce wanda nake so nakan matso da shi kusa da hannunsa na dama, in riƙa taɓa shi ina magana, in sassauta murya idan na zo kansa. Ba na taɓa faɗa tun farko ko abin da ka nuna shi za a riƙe ko shi za a cire. Ka nuna wanda nake so, in ce shi ka zaɓa. Ka nuna wani, in ce to mun cire wannan, saura biyu. Mutum zai rantse cewa da kansa ya zaɓa. A bikin rufe makaranta da bikin godiyar girbi ake gayyata ta, ana dariya ana tafi, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Shekara ɗaya bayan an gama yaƙin basasa aka kira ni bikin girbi a Manchok. Na gama wasa ke nan sai wata mata daga zumuntar mata ta taso. Zan kira ta Saraya, ba sunanta ba ne. Mijinta soja ne, an tafi da shi kudu, takwarorinsa sun dawo shi bai dawo ba, babu wasiƙa babu gawa. A gaban jama'a ta ce, "Ticha, tunda kana ganin abin da ke ɓoye, gaya mini, maigidana yana da rai?" Me ya hana ni in ce mata Mama wannan wasa ne kawai? Mutanen da suka gama tafa mini suna kallona, sai na ji ba zan iya sauka daga inda suka ɗora ni ba. Na yagi takarda uku, na rubuta "zai dawo" a ɗaya, "ba zai dawo ba" a ɗaya, na bar ta ukun babu komai. Na naɗe su, na ce ba ni zan faɗa ba, hannunta ne zai nuna. Ta nuna marar kyaun, na ce mun cire wannan. Ta sake nunawa, aka buɗe, Fasto da kansa ya karanta: zai dawo. Ta faɗi a ƙasa tana kuka, mata suka ɗauki waƙar yabo. Na koma gida a kan kekena ina gaya wa kaina cewa na share wa baiwar Allah hawaye.

Shekara shida ke nan. Saraya ta bar Manchok ta dawo Kafanchan tana sayar da dafaffiyar gyaɗa da ayaba a bakin tashar jirgi, don duk jirgin da ya zo daga kudu ta duba masu sauka. 'Yan'uwanta sun yi magana har sun bari. Duk Kirsimeti sai ta kawo mini doya da acca, ta durƙusa ta ce, "Ticha, har yanzu ina riƙe da maganar." Matata takan karɓa da godiya, ni kuma ba na iya cin abincin.

Abin da ya fi muni shi ne wannan. Shekara biyu da suka wuce na haɗu da wani tsohon soja mutumin Kagoma a wurin gyaran keke. Hira ta kai mu ga yaƙi, na ambaci sunan mijin Saraya da ƙauyensu. Ya dube ni ya ce, "Ai ni na riƙe ƙafarsa muka sa shi a rami, a bakin wani rafi. Ba a gaya wa iyalinsa ba?" Na ce ban sani ba. Wallahi haka na ce. Na biya kuɗin faci na hau keke, na bi ta wata hanya don kada in wuce ta tasha. Tun ranar na daina wasan, na ce wa mutane ciwon kai yake sa ni. Ina tsayawa a majami'a ina karanta Littafi Mai Tsarki da wannan bakin. Wane irin dattijo ne ni?

Yanzu wani mutumin kirki, ma'aikacin asibiti da matarsa ta rasu, ya aika yana neman auren Saraya. Ranar Talata ta same ni a ƙofar makaranta da tirenta a kai, ta rame, ta ce, "Ticha, na gaji. Ka sake yi mini takardun nan ranar Lahadi bayan sujada. In sun ce in jira, zan jira. In sun ce in yi aure, zan yi." Na ce mata zan yi addu'a a kai.

Na san zan iya. Cikin minti biyu zan sa hannunta ya faɗa kan "ki yi aure", ta tafi da kwanciyar rai, babu wanda zai taɓa sani. Amma ƙarya ce a kan ƙarya, kuma har abada ba za ta yi makokin mijinta ba, kullum za ta riƙa jin tsoron ranar da zai shigo ya same ta a gidan wani. In kuma na faɗi gaskiya, sai in dube ta in ce shekara shida da ta yi a bakin tasha wasan hannuna ne, biyu daga ciki ma na san ya mutu na yi shiru. Za a cire ni daga dattawa, 'ya'yana za su ji a makaranta, wannan duk na yarda. Abin da nake tsoro shi ne ita tana cewa Allah ne ya yi mata magana a ranar. In na karɓe wannan daga hannunta, me zai rage mata?

Na gaji da tunani, ban ma iya gaya wa matata ba. Lahadi saura kwana uku, ko da yake zan iya ce mata ta ƙara mini mako biyu in ga amsarku. Jama'a, me zan yi?