Daƙiƙa Arba'in a Bakin Ƙofa

Zuwa ga ƙanwata Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Tunda kin daina ɗaga wayata, ga takarda, ita dai ba a kashe ta.

Filashin da shugaban sashenku ya aiko ya iso, bidiyon waƙa goma sha takwas na ɗalibanku 'yan ajin ƙarshe, kowanne da lamba, babu suna. Ya ce in ba da maki a matsayin mai jarrabawa daga waje, nawa rabi, naki rabi. Na zauna na kalla, kuma Allah ya saka mini. Shekara ashirin da shida ina shirya bidiyon waƙa, ban taɓa ganin an ci mutuncin kyamara irin haka ba.

An ce aikin shi ne kowa ya zaɓi irin waƙar da yake so, ya bi ƙa'idojin bidiyonta, sannan ya sauya guda ɗaya da dalili. To, bi dai sun bi, ido rufe. Lamba uku ya ji ana sa mota a waƙar masu kuɗi, sai ya aro wata da ba ta tashi, ga ƙafafun masu turawa nan a gefen hoto. Lamba tara yana son hayaƙi, ya kunna maganin sauro, mawaƙin na tari a tsakiyar amshi. Lamba goma sha ɗaya ruwan sama yake so, kuma ya samu, har da tiyon da hannun mai riƙe da shi. Biyar daga cikinsu baki na gaba waƙa na baya. Tabarau kuwa kowa ya sa, ɗaya ko takardar farashi bai ɓare ba. Waɗannan duk na ba su hamsin-hamsin, su je duniya ta koya musu.

Wanda ya ɓata mini rai shi ne lamba goma sha huɗu, domin shi ya iya. Waƙar rabuwa ya ɗauka. Mawaƙi a jikin taga, daidai. Sauya kaya a kowane baiti, daidai. Tunawa da zamanin daɗi cikin baƙi da fari, daidai, har na gyara zama. Sai aka zo ƙarshe. Kin san yadda ake rufe waƙar rabuwa: namiji ya rataya jaka ya juya baya, a rage gudun hoto, kyamara ta bi shi har ya ƙanƙance a kan hanya. Wannan tafiyar ni na kawo ta harkar nan, yau ko ɗan koyo ya san ta. Shi wannan gwanin naki sai ya bar mutumin ya fice daga hoto, ya kafe kyamara a kan matar da aka bari a bakin ƙofa. Na duba, saura daƙiƙa arba'in, waƙa ma ta ƙare. Na kalli daƙiƙa goma daga ciki, na kashe.

Ashirin da takwas na ba shi. Wanda bai iya ba ana yi masa uzuri, amma wanda ya iya ya zo yana yi wa manya gyara, a taka masa burki tun yanzu. Ga takardar makin nan a ciki.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki,
Darakta

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, yara sun amsa. Wayarka kuwa zan ci gaba da ƙin ɗagawa, don ba ka kira sai kana son a yaba maka.

Na ga har a takardar gida Darakta kake sa hannu. Madalla. Ita kuma tafiyar da ka ce ka kawo, ka manta ina wurin ranar, ni ke riƙe muku lema? Mawaƙin ne ya yi fushi da kai ya ɗauki jakarsa ya kama hanya, kai kuma ka manta ba ka kashe kyamara ba. Wannan mantuwar kake ci har yau, kuma ban taɓa tona ka a gaban ɗalibai ba.

Mu dawo kan lamba goma sha huɗu. Da farko mace ce, ba namiji ba. Na biyu, abin da aka ce ta yi shi ta yi: ta bi ƙa'ida uku, ta sauya ɗaya, ta rubuta dalilinta shafi biyu. Takardar tana cikin filashin, na tabbata ba ka buɗe ba. Ni sittin da takwas na ba ta. In aka haɗa da naka aka raba biyu, arba'in da takwas ke nan, ci kuma hamsin ne. Wato mai tiyo da mai maganin sauro za su fita, ita ta maimaita shekara. Akwai gidan talabijin da ya yi mata alkawarin gurbi a ɗakin tace hoto, sakamako kawai suke jira, kuma ba za su ajiye kujera shekara guda saboda kai ba.

Ban kai takardarka ofis ba tukuna. Ka buɗe bidiyon ka kalli daƙiƙa talatin ɗin da ka tsallake, sannan ka ba da abin da ka ga dama. Kallo dai aka ɗauke ka yi.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka

*

Malama,

Ina gaisuwa. Takardarki ta iso da zafinta, na karanta na yi dariya.

Mace ce ashe. To, yanzu na gane. Ta ga an bar 'yar'uwarta a ƙofa, tausayi ya kama ta, ta manta bidiyon waƙa take yi. Ki gaya mata abin da ba kwa koyarwa a ajinku mai fanka da allo: idon mai kallo yana bin wanda ke motsi. Wanda ya tafi shi ke da labari, domin ba a san inda za shi ba. Wadda aka bari kuwa kowa ya san abin da za ta yi, babu mai sayen data don ya kalle ta. Na rufe waƙa ta fi ɗari da wannan tafiyar, ba a taɓa samun wanda ya tare ni ya ce, Darakta, ina labarin matar?

Shafi biyun nata ba zan karanta ba. Bidiyon da sai an bi shi da takardar bayani ya riga ya faɗi. Ku malamai kun saba, abin da ba ku taɓa yi da hannunku ba ku tsara masa dokoki, sannan ku koya wa yara karya su. Ke tunda kika riƙe lemar nan, kin sake zuwa wurin ɗaukar hoto?

Maganar gurbi kuma, in ta rasa wannan ta nemi wani. Mu da muka fara babu wanda ya ajiye mana kujera. Shekara guda ba ta kashe kowa, ƙila ma ta rage mata rawar kai. Ashirin da takwas, kuma ki kai takardata ofis, kada in kira shugaban sashen da kaina.

Wassalam.

Darakta

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na so in rufa maka asiri, ka ƙi, to sai ka ji.

Ka ce ka kalli matar a bakin ƙofa na daƙiƙa goma. Ƙofar fa, ka kalle ta? Shuɗiya ce, da tsagewa a ƙasa ta hagu, inda ka buga mata ƙafar kyamara ranar da aka hana ka wani aiki. Shekara goma sha uku kana shiga kana fita ta wannan ƙofar. Jakar da yaron ya rataya taka ce, tsohuwar ta kyamara mai ɗinki a hannu, wadda ka bari a kan kabad. Tagar da mawaƙin ya jingina a jiki ta ɗakinka ce. Duk ka gani ka ce daidai, ba ka gane ko ɗaya ba.

Lamba goma sha huɗu 'yarka ce ta fari. Na san a lissafinka tana sakandare. Shekararta goma sha biyu ranar da ka fita da akwati ka ce aikin mako biyu za ka je, yanzu ashirin da ɗaya take. Shekara huɗu tana sashenmu, uwarta na ɗinki tana riƙe da ita. A gidansu ta ɗauki bidiyon, ƙawarta ce ta fito a matsayin matar. Uwar ta ba su tsakar gida ta tafi shago, ta ce ita ba ta son gani.

Laifina ba zan ɓoye ba. Da shugaban sashe ya ambaci sunanka a taro, ya kamata in miƙe in ce akwai 'yarsa a ajin, kamar yadda na sanar da su tun farko cewa ni gwaggonta ce, shi ya sa wani malami ke duba duk makin da na ba ta. Na yi shiru. Na ɗauka in ka ga aikinta ba tare da suna ba za ka yaba, in zo in ce maka ga wadda ka yaba. Wautata ke nan, na manta da wa nake magana. Ita ba ta san kai ne mai jarrabawar ba.

Har yanzu ba na roƙonka maki don ka haife ta. Kwamitin sakamako zai zauna ranar Alhamis. Kafin nan ka zauna ka kalli abin da ya rage, daƙiƙa talatin ne, Yaya. Ka ba ta wannan, tunda shekara tara ta gagare ka.

Allah ya sa ka ji.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Takardarki ta same ni a wurin aiki, sai da na sallami kowa na zauna a mota.

Kin zalunce ni. Da kin faɗa tun farko da duk wannan bai faru ba. Kuma ki sani a ƙaramar kwamfuta na kalla, hasken ɗakin ya yi yawa, shuɗiyar ƙofa kuwa ba mu kaɗai ke da ita ba. Maganar tafiyata ki bar ta, akwai abubuwan da ba ki sani ba tsakanina da uwarta.

Na sake kallon bidiyon sau uku, daga farko har ƙarshe. Yarinyar nan jinina ce, ba shakka. Ai tun a baitin farko na gaya miki hannun gwani ne. Ƙarshen kuwa, sai yanzu na fahimce shi. Yadda ta bar matar ta tsaya ita kaɗai, ta jingina da ƙofa, hawayen ya taru a hankali kafin ya gangaro, ta bar haske ya kama shi a kumatu, wannan ba koyarwar aji ba ce, gado ne. Ni kaina sai da idona ya ciko. Kukan da aka riƙe aka sake shi a ƙarshe, shi ne abin da manyan harkar ke nema su rasa.

Ga sabuwar takardar maki, tamanin da biyar, ki yaga ta farkon. Ki gaya mata ta manta da gidan talabijin, albashinsu ko kuɗin mota bai kai ba. Ta zo wurina, ina da waƙa uku a ƙasa, zan ɗora ta a kan kyamara ta biyu. Ki ba ta takardar nan ta karanta da idonta, ta san ubanta ya gani kuma ya yaba.

Ki gaishe ta sosai.

Yayanki

*

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya.

Gwaggo ta ba ni takardarka kamar yadda ka ce. Na tambaye ta sauran takardun, ta ba ni duka. Na karanta su a tsaye a ofishinta.

Jiya na je wurin shugaban sashe na gaya masa mai jarrabawar mahaifina ne. An soke ashirin da takwas ɗin, an soke tamanin da biyar ɗin. Za a nemo wani ya kalla, sakamakona zai yi jinkirin wata guda. Na kira gidan talabijin, sun ce ba su yi alkawarin jira ba. Gwaggo ma za ta amsa tambayoyi a gaban kwamiti, ta ce ta cancanta. Kyamara ta biyu kuma na gode, a ba wani.

Abu ɗaya nake son gyarawa. Babu hawaye a bidiyona, ko ɗigo. Matar ba ta jingina da komai ba. Ta tura ƙofa, sakata ta ƙi shiga, domin ta daɗe da kwancewa, mai gidan yana ta cewa zai gyara. Sai ta shiga ciki ta ɗauko sukudireba, ta ɗaure ta, ta gwada sau biyu, ta kulle. Shi ke nan bidiyon.

Ban ƙirƙira ba. Haka Mama ta yi ranar, ni na riƙe mata sukurorin a tafin hannuna.

Ka huta lafiya.

Wadda ka haifa