Gawayin Jegon Sa'adiya

Makka, watan Safar 1368

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ke da su Rabe kuna lafiya. Mu ma alhamdu lillahi.

Inna, matata Sa'adiya ta sauka, an sami namiji. Muka hura mata gawayi a ƙarƙashin gado, yadda kike yi wa masu jego. Sai dai ɗakin nan na dutse ne, ba jinkar da hayaƙi zai bi, ga shi mun toshe taga kada sanyi ya kama ta. Hayaƙin ya turnuƙe su, ita da yaron. Ita dai ta farfaɗo, tana samun sauƙi. Yanzu taga a buɗe take kullum, muna turara lubban.

Majanyin da kike saƙawa, ki ajiye shi tukuna. Yaron ya koma, an yi masa salla a Harami. Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Lurwanu