Kujerar Bahaguwa

Zuwa ga Nigora, sanyin idona, inuwar kurangar inabin tsakar gidanmu, shayin safiyata da ba ya hucewa. Har yanzu alƙali bai yanke ba, don haka bari in kira ki da sunan da bakina ya saba: matata.

Jiya mutumin da kotu ta turo ya zo asibitinmu na haƙori ya yi wa kaya kuɗi, don a raba mana biyu yadda doka ta ce. Ya taɓa injin ɗaukar hoto, ya leƙa kabad, har allon ƙofa mai sunayenmu sai da ya auna da ido. Da ya iso kan kujerar aiki sai ya taɓe baki ya ce, "Likita, wannan ai ta bahagwai ce, wa zai saya? A haɗa maka da ɗakin kawai." Lauyanki ya washe baki, ya zaɓar miki injin da mota. Ni kuwa sai na juya na kalli kujerar. Kujerar da muka yi ƙuruciyarmu a gefenta ce yau ake ba ni gyara, kamar ƙarin albasa a kasuwa?

Kin tuna ranar da muka ɗauko ta daga birnin Tashkent a bayan motar kankana, kina rungume da fitilarta har garinmu Kokand? Kuɗinmu na kujera ɗaya ne, ke bahaguwa, ni da dama nake aiki. Kika ce mu sayi irin ta kowa, za ki lallaɓa. Na ƙi, domin tun muna makaranta na ga yadda kike murɗe wuya a kujerun masu dama, ki tashi idonki ya yi ja. Na koma ina sassaƙa haƙora a jikin sabulu da hagu, kina yi mini dariya, har hannun ya faɗa. Daga nan muka riƙa karɓa-karɓa: in kina aiki in zauna a 'yar kujerar mataimaki ta dama ina miƙo miki kaya, in nawa ya zo ki miƙo mini.

Kin tuna Hoji Tursun, tsohon Alhajin nan mai haƙoran zinariya? Ranar farko ya rufe baki gam ya ce, "'Yata, da hagu za ki shiga bakin da ke karatun Alƙur'ani?" Kika ce, "Baba, Wanda ya ba ka bakin Shi ya ba ni hannun." Ya buɗe. Shekaranjiya ya zo, ban ko gama ba ya ture ni ya ce, "Kai hagunka na aro ne, nauyi gare shi. Ina bahaguwar gaske?" Na shiga ciki kamar zan ɗauko auduga, na tsaya har idona ya bushe.

Ya hasken gidana, ban rubuto don in yi gardama ba. Kin faɗa a gaban dattawan unguwa, "Eldor a asibiti miji ne na gari, a gida kuma baƙo ne." Gaskiya kika faɗa, ta yi mini zafi, kuma ina kewarki kamar in yi hauka. Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne labarin da ƙanwarki Shahlo ta ba ni: wai kin kama aiki a garin Fergana, a kujerar masu dama, kullum kina dawowa da tsumma mai zafi a wuya. Wuyan nan da na yi shekaru ina karewa?

To ga abin da na yanke. Ranar zaman kotu zan gaya wa alƙali na bar miki ɗakin da kujerar, da allon, da Hoji Tursun da duk masu tambayarki, ko kin dawo gare ni ko ba ki dawo ba. Ba tarko na ɗana miki ba. Lauyana ya ce na zautu, wataƙila. Makulli yana wurin mai gurasar da ke maƙwabtaka, ki karɓa ranar da kika ga dama.

Sai dai ki san halin da kika bar ni a ciki. Na je gwaji a asibitin wani abokina, na zauna, na miƙa hannun hagu neman kayan aiki, sai na kamo iska. Hannuna na dama ya manta aikin, Nigora! Duk faɗin garin nan kujera ɗaya ce ta dace da ni, kuma taki ce.

Ba na roƙon ki janye ƙara yau. Abu ɗaya nake roƙo: 'yar kujerar nan ta dama, kada ki yi saurin ɗaukar wanda zai zauna a kanta. Na san abin da hannunki ke nema tun kafin ki buɗe shi. Ki gwada ni a nan tukuna. In kin ga na iya tashi da wuri, in rufe ƙofa, in bi ki gida in zauna zaman mai gida, sai mu yi maganar sauran.

Naki har ranar da hannuwan nan biyu za su daina motsi, musamman na hagun da kika raina tun yana sassaƙar sabulu,

Eldor