Kwalaben Saman Firij

Zuwa ga Yayana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya kai da iyali. Allah ya yaye maka ciwon bayan nan, ya raya mana yara. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba mai riƙe ta.

Yaya, maganar Auta ce ta sa na ɗauki biro, don in a waya ne takaici ba zai bar ni in kai ƙarshe ba. Ka san an dakatar da shi daga tsere tun da aka gwada fitsarinsa aka ga maganin ƙara ƙarfi, ka kuma gan shi a talabijin yana hawaye, yana rantsuwa bai taɓa ganin abin ba. Ni ma na yarda, har na ɓata da abokan aikina a asibiti saboda shi. Shekara goma sha ɗaya fa muna ɗawainiya da gudun nan nasa: Inna ta wanke riga, ni in ɗaure gwiwa, kai ka aiko takalma. Ranar da ya ci mita ɗari, ihun Inna sai da ya fito da maƙwabta.

To, ka san halin Inna, ba ta zubar da kwalba. Ranar Asabar na nemi allura zan ɗinke maɓalli, ta ce in duba saman firij. Sai ga ƙananan kwalabe a jere, guda goma sha tara, an wanke su tas, wannan da allurai, wannan da maɓallai, waccan da gishiri. Ta ce a kwandon sharar ɗakin Auta take tsintar su duk zuwansa hutu, shi ya ce mata bitamin ne, ita kuwa ta ga asara ce a yar da kwalba mai murfi. Rubutun jikinsu bai goge ba. Shekarata ashirin ina aikin jinya, ba sai an karanta mini ba. Wallahi maganin nan ne da ya rantse bai taɓa gani ba.

Na tare shi a falo, ko gezau bai yi ba. Wai kowa a fagen haka yake yi, wanda aka kama ne kawai mai laifi. Na ce to, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ashe ba bakinsa yake nufi ba. Shi da kocinsa da lauyansu sun shirya cewa ranar Alhamis Inna za ta zauna gaban kwamitin bincike, ta rantse ita ta jefa masa maganin ƙafarta a shayi bisa kuskure. Wai tsohuwa ba a hukunta ta, shi kuma a rage masa shekara huɗun dakatarwa zuwa wata shida. Ƙato mai ƙirji kamar ƙofa, ya rasa inda zai ɓuya sai bayan matar da ta haife shi! Ƙyamarsa nake ji, Yaya, ko kallon lambobin yabonsa na bango ba na iya yi. Na gaya masa in har ya kai ta wurin, ni ma zan je, kuma da kwalaben zan je.

Abin da ya fi ci mini rai, Inna ta yarda. Jiya na same ta a kicin da takardar da lauya ya rubuta mata, tana haddacewa. Ta roƙe ni in riƙe takardar in ji ko tana faɗa daidai. Sau uku tana zuwa wurin da za ta ce ita ce ta zuba, sai ta kasa faɗa, ta koma farko. Ta ba ni haƙuri, wai rashin sabo ne, amma kafin Alhamis za ta iya.

Don Allah ka kira ta kafin ta iya ɗin. Maganarka kaɗai take ji.

Ka gaishe mini da Antinmu, da Babba, da 'yan biyu, da Kawu in kun haɗu. Maigidana yana gaishe ka. Inna ma tana gaisuwa, ba ta san na rubuto ba.

Taka ƙanwar,
Uwar ɗakin Auta a da