Wanda Ya Haura Katangar Masana'anta

Zuwa ga Yayana, ɗan Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Goggo, da aikin shagon hoto. Ni ma lafiya lau, sai karatu. Ka san a makarantar kwana ba a barinmu da waya, shi ya sa na ba direban makaranta wannan takarda ya miƙa maka.

Yaya, ranar Talata malamin kwamfuta ya haska mana wani hoto a allo, ya ce mu ga yadda gwani yake aiki da haske. Hoton kantocin nan ne na tsohuwar masana'antar takalma, waɗanda aka jera ƙafafun katako na ɗinkin takalmi a kansu, rana ta shigo ta fasasshen gilashi ta sauka a layi na uku. Na san layi na uku ne, domin kusan awa biyu na yi a tsaye ina jiran ta sauko. Sunanka ne a ƙarƙashin hoton. Gefen da na rubuta nawa an yanke shi, har da rabin kujerar da marigayi Babanmu ya yi shekara goma sha tara a kanta yana yankan fata.

Malam ya karanta mana abin da ka rubuta a shafinka, wai kai kaɗai ka haura katanga da kyamara a wuya. 'Yan aji suka yi tafi. Ni ma na yi, don kada a tambaye ni abin da ya same ni.

Na ba ka katin kyamarar ne ka wanke mini guda shida in kai wa Mama. Don Allah ka mayar da sunana. Ka kuma goge kwatancen wurin da ka sa a shafin, da maganar cewa injuna suna nan a ciki. Baba Maigadi ya buɗe mini ƙofa ne saboda abotarsa da Babanmu, kuma na yi masa alkawarin ba wanda zai ji.

Ka gaishe da Goggo. Na gode.

Ƙanwarka,
Auta

*

'Yar Shiru,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Ashe bakin naki a cikin biro yake! Na karanta wa abokaina takardarki a shago, wani ya ce lauya za ki zama.

Ki saurara, yarinya. Danna maɓalli kowa ya iya, sanin inda za a kai hoto shi ne sana'a. Mutum dubu arba'in sun kalla, har wata mujalla ta neme ni. Da sunanki ne a kai, wa zai tsaya? Ke da ko gaisuwarki sai an sunkuyo ake ji. Kuma wa ya koya miki riƙe kyamarar tun farko? Abin ƙanwa ai na yaya ne. Kwatance kuwa shi ne gishirin labarin, ba zan cire ba.

Katinki yana wajen Mama. Na kwafi waɗanda na gyara, sauran tarkacen ba na bukata. In kun samu hutu ki zo in koya miki gyaran kala.

A yi karatu da kyau.

Yayanki Mai Kyamara

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya.

Mama ta zo ranar ziyara. Ta kawo mini katin, ta kuma kawo labari. Ta ce kwana tara bayan ka sa kwatancen, wasu suka shiga masana'antar ta baya da mota, suka kwance injuna huɗu, suka zare wayoyin wuta har daga cikin bango. Kantocin ma sun ture su. Ƙafafun katakon suna zube a ƙasa, wasu an kwashe an yi makamashi da su. Na tambaye ta kujerar. Ta ce in bar maganar kujera.

An dakatar da Baba Maigadi daga aiki ana bincikensa. Mama ta ce ta je gidansa ta same shi zaune a ƙofar ɗaki da kayan aikinsa a jiki, hula da komai, kamar mai jiran a kira shi. Bai ambaci sunana ga kowa ba. Abin da kawai ya ce a faɗa mini shi ne, "Ki ce wa 'yar abokina ta ci jarrabawa."

Yaya, ban taɓa tsanar mutum ba, ban ma san yadda ake yi ba. Amma ina koyo, kuma ka san ni, in na sa kaina koyon abu ba na barinsa rabi. Sau ɗaya na roƙe ka, ka mayar da roƙona abin dariya a shago. Ba zan sake ba.

Ka huta lafiya.

Auta

*

Zuwa ga ƙanwata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da karatu, Allah ya ba da sa'a. Ki yafe mini waccan takardar, wasa nake yi.

Auta, ina cikin matsala. Lauyan masu masana'antar ya buga a takarda duk abin da na rubuta a shafina ya kai wa 'yan sanda. Sau uku ke nan ana kirana. Cewa suke yi tunda na amsa da bakina na haura katanga, ni ne na yi wa ɓarayin leƙen asiri. Sun karɓe kyamarorina da kwamfuta, shago a rufe yake, mujallar ma ta daina ɗaga wayata. Na rantse musu ko ƙofar wurin ban taɓa gani ba, ƙanwata ce ta ɗauki hotunan. Ɗayansu ya yi dariya, ya ce in kawo 'yar makarantar da za ta haura katangar nan ya ga tsawonta.

Ki aiko mini da katin, a nan ne hotunan suke cikakku da sunanki. Ki haɗa da takarda ki ce ke kika ɗauka, kuma maigadi ne ya buɗe miki. Shi tsoho ne, ba abin da za su yi masa. Ni kuma zan sa sunanki da manyan haruffa, in ba ki haƙuri a gaban duniya. Ba abin da kike nema ke nan ba?

Goggonki ta daina cin abinci. Ki dubi zumunci.

Yayanki mai neman afuwa

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarka sau uku.

Idan na ce ni ce, za a tambayi wanda ya buɗe ƙofa. Maganarka ta haura katanga ita kaɗai ta rage tsakanin Baba Maigadi da kora. Wata biyu na yi ina kukan sunana a bayan ɗakin karatu. Yau na bar maka hotunan duka, da sunan, da abin da ya biyo su. Katin kuma kada ka wahalar da Mama, ba ta san inda na ajiye shi ba.

In ba ka da hannu a satar, bincike zai wanke ka, ko da ya daɗe. Ni dai ba na sauri.

Idan sun tambaye ka ta ina ka haura, ka ce ta bayan rumbun fata. Nan ne katangar ta fi gajarta. Iyakar taimakon da zan iya yi maka ke nan.

Ka ce wa Goggo ta ci abinci.

Ƙanwarka,
'Yar Shiru