Maka-maka, Kuma Wadanni

Daren Litinin, Umdurman.

Gobe mai duba malamai zai zauna a ajina, ga shi Habboba, kakata, ta dagula mini darasi. Tana zuba mini gahawa daga jabana, butar gahawarmu, ta tambayi abin da nake ta maimaitawa. Na ce wasu ƙananan duniyoyi ne da ake kira wadanni, can nesa da rana inda komai ya daskare, ɗayarsu sunanta Makemake.

Ta ce, "Maka-maka, kuma wadanni? Mai raɗa sunan nan ya iya zolaya."

Na ce ai ba Hausa ba ce.

Ta dube ni daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba. "Kai ma ai Dogo muke ce maka."

Sau biyar ina gwada faɗin sunan, dariya tana ƙwace mini. Gobe Fuluto kaɗai zan ambata.